Yadda Ake Koya wa ’Yan Firamare Kwatanta Manyan Lambobi da Jera Su

Rubuta 98 da 102 a allo, ka tambayi ’yan aji uku wacce ta fi yawa. Da wuya a rasa waɗanda za su nuna 98 ba tare da ko ɗar ba, in ka nemi dalili su ce ai tara ta fi ɗaya. Amma yaron da ya ba ka wannan amsa, in ka ce ya zaɓa tsakanin alewa casa’in da takwas da alewa ɗari da biyu, ba zai yi kuskure ba. Yawan abu ya san shi sarai. Abin da bai kama ba tukuna shi ne yadda rubutu yake ɗauke da wannan yawan, wato darajar kowane alƙalami tana ga gidan da ya zauna. Duk aikin kwatanta lambobi da jera su a kan wannan ya tsaya. Malamin da ya tsallake shi ya tafi kai tsaye ga alamomin > da <, zai ga yara sun ci aikin aji yau, bayan mako biyu kuma kamar ba a taɓa koya musu ba.

Gidaje da kayan aiki

Alƙaluman lissafi goma ne kacal, daga 0 zuwa 9, kuma da su ake rubuta kowace lamba komai girmanta. Gidajen daga dama ake lissafo su: gidan ɗaiɗai, gidan goma, gidan ɗari, gidan dubu, sai dubu goma, dubu ɗari, miliyan. Kowane gida ya ninka na damansa sau goma. Shi ya sa 7 a cikin 7,204 dubu bakwai ce, a cikin 2,074 saba’in ce, a cikin 4,207 kuwa bakwai ce tsurarta.

Wannan bayani ba ya zama a kan yaro da faɗa kawai, sai ya taɓa da hannunsa. Abu mafi arha shi ne tsinken tsintsiya. A yayyanka shi tsawon kamar santimita 10, a tara guda 500. Yaran ne da kansu za su ƙirga goma-goma su ɗaure da zare ko roba, sannan su haɗa ɗauri goma wuri guda ya zama damin ɗari. A ƙarshe a samu dami 3, ƙananan ɗauri 15, da tsinke 50 a warware. Wannan ya isa a gina lambobi biyu gefe da gefe, kamar 213 da 132. Kada malami ya zo da su a ɗaure don rage wa kansa aiki. Yaron da bai ƙirga abin da ke cikin ɗaurin da hannunsa ba, ɗaurin a wurinsa abu ɗaya ne kawai: ka ajiye masa dami 2, ɗauri 1, tsinke 3, ya ƙirga ya ce maka shida.

Da an wuce 999 tsinke ya zama kaya, sai a koma kuɗin wasa. A yanka kwali a rubuta da hannu: ₦1 guda 20, ₦10 guda 20, ₦100 guda 20, ₦1,000 guda 10, ga kowane rukunin yara. A bar ₦20, ₦50, ₦200 da ₦500 a gefe tukuna, duk da su yaro ya fi gani a hannun mutane. Dalili kuwa, in ya ɗora takardar ₦500 guda a gidan ɗari, takarda ɗaya yake gani, sai ya rubuta 1 inda ya kamata ya rubuta 5. A Nijar sai an ƙara lura, domin da dala ake ƙirga sefa, dala ɗaya tamma biyar, wato sefa biyar. Kuɗin da aka rubuta wa 100, yaro “dala ashirin” ya san shi, mai 1,000 kuma “jika”. A can gara a daɗe a kan tsinke, in an zo kan kwalin kuma a rubuta lamba tsura ba tare da an kira shi kuɗi ba.

Kaya na uku shi ne katunan ɗorawa, kuma su ne maganin rikicin sifili. Kati 36 ne: 1 zuwa 9, 10 zuwa 90, 100 zuwa 900, 1000 zuwa 9000. Kowane alƙalami ya ci faɗin santimita 5, don haka katin ɗaiɗai santimita 5, na goma 10, na ɗari 15, na dubu 20. Ana ɗora ƙarami a kan babba a daidaita su ta bakin dama. In aka ɗora 700 da 20 da 5 a kan 4000, za a ga 4725, in aka zare su a ga abin da kowane alƙalami yake ɓoye. In aka ɗora 5 kaɗai a kan 4000, sifilai biyu za su leƙo da kansu, 4005, ba sai an yi dogon bayani ba.

Sai allon gidaje. A zana shi a bayan kwali ko a siminti da alli, ginshiƙi huɗu, a rubuta sunan kowane gida a samansa. Doka ɗaya ce: gida ba ya ɗaukar fiye da tara. Da sun cika goma, a ɗaure, ko a yi canji, a tura gidan hagu.

Tambayoyi biyu, kuma a jere

Kwatanta lambobi biyu tambaya biyu ce, ta farko dole ta riga ta biyu. Ta farko: wacce ta fi yawan gidaje? Wadda ta fi ita ce babba, magana ta ƙare. 1,002 ta fi 987 domin ta kai gidan dubu, waccan ba ta kai ba. Ta biyu ana yin ta ne kawai in gidajen sun zo daidai: a fara daga hagu, a bi gida-gida, wurin da aka fara samun bambanci nan hukunci yake.

Ga yadda ake nuna ta biyun a allo. Malami ya rubuta 4,725, ya rubuta 4,752 a ƙarƙashinta gida a kan gida, ya rufe su duka da kwali, ya riƙa janye shi zuwa dama sannu a hankali.

“Wane gida muka buɗe?”

“Gidan dubu, Malam.”

“Nawa da nawa?”

“Dubu huɗu da dubu huɗu.”

“To mun san babbar?”

“A’a, kunnen doki ne.”

Gidan ɗari ma haka, bakwai da bakwai. A gidan goma sai 2 da 5 su bayyana. A nan malami ya dakata, kada ya janye kwalin, ya tambaya ko akwai buƙatar a buɗe gidan ƙarshe. Yawanci za su ce a buɗe. Sai ya ce su ba ta sama abin da ya fi kowanne girma, su ba ta ƙasa abin da ya fi kowanne ƙanƙanta. Za su samu 4,729 da 4,750, kuma har yanzu ta ƙasan ce a gaba. Wannan ’yar tsayawa ta fi misali ashirin amfani, domin a nan yaro yake gano da kansa cewa abin da ke dama ba ya iya juya hukuncin da aka yanke a hagu.

Dalilin haka yana da kyau ya fito fili ko da sau ɗaya ne. A kira yara biyu gaban aji. A ba ɗaya ₦3,999 na kuɗin wasa, wato takarda 30 cif: dubu uku, ɗari tara, goma tara, ɗaiɗai tara. A ba ɗayan ₦4,000, takarda 4 kacal. A tambayi aji wa ya fi kuɗi. Za a yi gardama, a bar su su yi. Sannan a ƙara wa mai takarda 30 naira ɗaya. Ɗaiɗai sun cika goma, ya yi canji, goma-goma sun cika, ya sake canji, ɗari-ɗari ma haka, sai ga shi riƙe da takarda 4 irin na abokinsa. Ke nan duk tarin taran nan sai da aka yi musu ciko kafin su kamo dubu guda. Buhun gero ɗaya ya fi tiya tara, ko da yake a baki tara ta fi ɗaya.

Daga nan kada a karɓi amsar nuni da yatsa. Yaro ya faɗi jimla cikakkiya: “4,752 ta fi 4,725, saboda a gidan goma hamsin ta fi ashirin.” A nace ya ce hamsin da ashirin, kada ya ce biyar da biyu. In ana barinsa yana kiran alƙaluma da sunansu tsura, tunanin da ya sa ya zaɓi 98 yana nan bai tafi ba.

Alamomin >, < da =

A jinkirta su zuwa darasi na uku ko na huɗu. A fara da maganar da yaro yake yi kullum: ta fi, ba ta kai ba, daidai suke. In bakinsa ya saba da “38 ba ta kai 83 ba”, alamar < gajeriyar hanyar rubuta wannan ce kawai.

Malamai da yawa suna koyar da alamar da bakin kada, wai kada yana buɗe baki wajen abinci mai yawa. Yana taimakawa wajen sa alamar daidai, amma yana da illa biyu. Yaro zai iya sa ta, ya kasa karanta ta: ka nuna masa 38 < 83 ya ce “kada ya cinye 83”. Sannan wasu sukan ɓata lokaci suna zana haƙora. Hanyar ɗigo ta fi tsabta. A sa ɗigo biyu, sama da ƙasa, kusa da babbar lamba, ɗigo ɗaya kusa da ƙaramar, a haɗa su da layi biyu, alama ta fito. In lambobin daidai suke, kowane gefe ɗigo biyu, in aka haɗa sai ga =. Ko wace hanya aka bi, a karanta daga hagu zuwa dama da babbar murya, kuma kowace magana a rubuta ta fuska biyu: 83 > 38, da 38 < 83.

A riƙa cusa tambayoyin da amsarsu = ce, kamar 4,000 + 700 + 25 da 4,725, ko takardun ₦100 guda 12 da ₦1,200. In ba haka ba yara sukan ɗauka dole ɗaya ta fi ɗaya.

Abin da kunne ke ji da abin da hannu ke rubutawa

Akwai kurakuran da tushensu yadda muke faɗin lamba ne, kuma littafin da aka rubuta da Turanci ba zai ambace su ba. Mukan fara ambaton gida sannan yawansa: ɗari uku, dubu biyar. Yaro mai rubuta abin da ya ji a jere zai rubuta 100 ya bi ta da 3, ya samu 1003. “Ɗari uku da biyar” kuma takan fito 3005 ko 35. Wanda ya rubuta haka, duk kwatancen da zai yi a kai ya lalace tun kafin ya fara. Katunan ɗorawa ne maganinsa: ya ɗauko 300, ya ɗauko 5, ya ɗora, ya ga 305.

A manyan lambobi abin ya fi tsanani. “Dubu ashirin da biyar” kowa 25,000 zai fahimta, to yaya za a kira 20,005? Sai malami ya bambance da bakinsa, ya ce “dubu ashirin, da guda biyar”, ya ɗan tsaya a tsakani. Haka “dubu ɗari biyu” da “dubu da ɗari biyu”: ’yar kalmar “da” ce kaɗai tsakanin 200,000 da 1,200, kuma a aji mai hayaniya na baya ba zai ji ta ba. Don haka a aji a ce “dubu ɗaya da ɗari biyu”. Mafi sauƙi, duk lokacin da ake kwatantawa a rubuta lambobin a allo. Shifta ta lambobi aiki ne dabam, a ba ta lokacinta.

Salon kasuwa na ragewa kuwa riba ce. Yaron da ya saba jin “dubu ba hamsin” ya riga ya san 950 tana ƙasa da 1,000 da kaɗan. A tambaye shi yadda ake rubuta ta, a sa shi ya nuna inda take.

Gane ciwo daga amsar da ba daidai ba

Jan biro a kan amsa ba ya gaya wa malami komai. Abin da ake so shi ne tagwayen lambobin da kowannensu yake tona kuskure iri guda. Waɗannan biyar sun isa gwajin minti goma, yaro ya zagaye babbar a kowane layi:

98 da 102
4,001 da 3,999
6,815 da 6,207
5,028 da 5,208
60,040 da 6,400

Wanda ya zaɓi 98 alƙalamin farko kawai yake kallo, bai ƙirga gidaje ba. Sau da yawa wannan ɗan ƙa’idar “fara daga hagu” ne da aka ba shi ba tare da tambayar farko ba. A koya masa rubuta lamba ƙarƙashin lamba yana daidaita su ta dama, sai ya ga gidan ɗari na 98 fanko ne. Littafin lissafi mai gida-gida yana taimakawa ƙwarai, alƙalami ɗaya a akwati ɗaya.

Wanda ya ci na farko amma ya zaɓi 3,999, tarin manyan alƙaluma ne suka ruɗe shi, a mayar da shi kan takarda 30 da takarda 4. Wanda ya zaɓi 6,207 daga dama ya faro, ya ga 7 ta fi 5. Wannan yana da dalilai biyu. An koya masa tarawa da ɗebewa daga dama, ya ɗauka ko’ina haka ne. Ko kuma da karatun allo ya fara, idonsa ya saba farawa daga dama. A nuna masa cewa ko a lambobin Larabci babban gida a hagu yake: ya buɗe Alƙur’ani bugun Madina ya dubi lambar shafi na 604, zai ga ٦٠٤, shida na hagu. Sannan a riƙa zana ’yar kibiya a saman lambobin tana nuna inda ake farawa, har ya daina buƙatarta.

Layi na huɗu da na biyar na sifili ne. Yaron da ya ce 5,028 da 5,208 daidai suke ya ɗauki “sifili ba komai ba ne” da gaske, ya share ta, ya ga 528 sau biyu. Gyaran magana ake buƙata daga malami: sifili tana nuna gidan ba kowa, amma gidan yana nan. A gina lambobin biyu da kuɗin wasa a allon gidaje, ya ga a ɗaya takardun ₦10 biyu ne, a ɗayar takardun ₦100 biyu. Wanda ya zaɓi 6,400 ya tsallake tambayar farko, ya kwatanta 60 da 64.

Jerawa

Jera lambobi kwatantawa ce da aka maimaita, amma tana da nata tarkon. A fara da lambobi uku, a je biyar, kada a wuce bakwai. A fara da katuna da za a iya matsarwa kafin a koma littafi, domin yaron da ya rubuta da biro ya ga ya yi kuskure yakan bar shi haka don gudun ƙazanta.

Ɗauki waɗannan: 5,080, 508, 58,000, 5,800, 850, 5,008, 8,005. Matakin farko, a kasa su bisa yawan gidaje. Masu gida uku: 508 da 850. Masu huɗu: 5,080, 5,800, 5,008, 8,005. Mai biyar: 58,000. Rabin aiki ya ƙare, don kashi-kashin sun riga sun jeru. Saura cikin kowane kashi. A masu gida huɗu, 8,005 ce kaɗai mai dubu takwas, ta tafi ƙarshe. Sauran ukun a gidan ɗari 5,800 ta fita. Tsakanin 5,080 da 5,008 sai an kai gidan goma. Sakamako daga ƙarama zuwa babba: 508, 850, 5,008, 5,080, 5,800, 8,005, 58,000.

Abu uku ke ɓata wannan aiki ko ga yaron da ya gane. Yakan yar da lamba ɗaya a hanya, don haka ya riƙa soke kowace lamba da ya ɗauka, in ya gama ya ƙirga: bakwai aka ba shi, bakwai ya jera? Yakan juya alkibla a tsakiya, ya faro daga ƙarama ya ɓuge da saukowa. Kafin ya fara, ya zana ’yar matakala mai hawa ko mai sauka a gefen takarda, ya rubuta “ƙarama” da “babba” a bakin layin. Kalmomin Turanci na hawa da sauka da zai gani a takardar jarrabawa a rubuta su a jikin matakalar, a manna a bango. Na ukun laifin masu rubuta tambaya ne: waƙafi a cikin lamba, waƙafi kuma tsakanin lambobi. Yaro ya ga 850, 5,008 ya rasa inda ɗaya ta ƙare. A rubuta su a tsaye ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ko kowace a akwatinta. A makarantun da ke bin tsarin Faransanci, kamar na Nijar, fili ake bari tsakanin dubbai, 58 000, waƙafi kuwa na gutsuren lamba ne. Yaron da ya sauya makaranta daga wannan tsari zuwa wancan sai an zauna da shi a kan wannan.

Layin lambobi yana ƙara abin da ƙa’ida ba ta bayarwa, wato tazara. A ja layi mai tsawon mita ɗaya a allo, a raba shi goma, kowane santimita 10 ya zama 100, daga 0 zuwa 1,000. Yara su sa 508 da 850. Washegari a bar layin yadda yake, a sauya lambobin jikinsa su zama 0 zuwa 10,000. Yanzu 850 ba ta ko kai zanen farko ba, 5,008 da 5,080 kuwa kusan wuri ɗaya suka taru. Wannan ne ke sa yaro ya ji a jikinsa cewa ƙarin gida ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Lambobi na gaske ga ’yan aji biyar da shida

Manyan yara sun fi mai da hankali in lambar tana nufin wani abu. Faɗin ƙasar Najeriya murabba’in kilomita 923,768 ne, na Nijar 1,267,000, na Chadi 1,284,000. Najeriya ta fara da 9, sauran da 1, kuma yara sun san Najeriya ta fi yawan jama’a, don haka da yawa za su sa ta a gaba. Gida shida gare ta, su bakwai. Nijar da Chadi kuma sai a gida na uku daga hagu ake raba su, dubu sittin da dubu tamanin.

Ƙidayar jama’a ta 2006 ma tana da misalai masu kyau. Kano 9,401,288, Legas 9,113,605: hukunci a gida na biyu yake, kuma 605 da ke wutsiyar Legas tarko ce ga mai duban alƙaluma ukun ƙarshe kawai. Zamfara 3,278,873 da Kebbi 3,256,541 sai an je gida na uku. A ƙara Kaduna 6,113,503 da Katsina 5,801,584, an samu shida na jerawa. A gaya wa yara shekarar ƙidayar, kada su ɗauka adadin yau ne. Kafin a kwatanta irin waɗannan, yaro ya sa waƙafi da kansa, yana ƙirga uku-uku daga dama. Masu farawa daga hagu sukan rubuta 923,768 daidai bisa sa’a, su zo kan 1267000 su rubuta 126,700,0.

Shekaru sun dace da ’yan aji huɗu: 1804, 1903, 1914, 1960, 1973. Sai dai a nan ƙaramar lamba ita ce ta fi daɗewa, kuma a faɗi wannan a fili, don tambayar “wacce ta fi tsufa” takan sa yaro ya nemi babba.

In aji ya cika maƙil

Ba kowane yaro zai samu tsinke a aji mai cunkoso ba. A raba su rukuni-rukuni na bencinsu, kowane yaro kuma ya yanka ƙananan katuna goma, 0 zuwa 9, daga kwalin sabulu ko na shayi, ya ajiye a aljihun jakarsa.

Da waɗannan ake wasan da ya fi kowanne koyar da darajar gida. Kowa ya zana akwati huɗu a jere. Malami ya zaro kati ɗaya daga jaka ba tare da ya duba ba, ya ɗaga, kowa ya rubuta alƙalamin a akwatin da ya ga dama, kuma ba gogewa. Bayan kati huɗu, mai babbar lamba ya ci. Zagaye biyu ko uku za ka ji suna gardama ko 6 ta cancanci gidan dubu ko a jira 8 ko 9. A juya wasan a nemi ƙarama. A nan maganar sifili za ta taso: da 3, 0, 8, 5, babbar ita ce 8,530, ƙarama mai gida huɗu kuwa 3,058, domin 0358 ɗari uku da hamsin da takwas ce, gida uku.

Ga masu saurin ganewa, a ba su gurbin cikewa. A 4,_72 > 4,672 amsa 7, 8 ko 9 ce. Sauya alƙalami ɗaya, 4,_75 > 4,672, sai 6 ma ta shiga, kuma wanda ya gano haka ya fahimci abin da kunnen doki a gida ɗaya yake nufi. A 5,3_8 < 5,341 amsoshin 0, 1, 2 da 3 ne, 4 ba ta shiga. A nemi duk amsoshin, kada a tsaya a ɗaya.

Inda ƙa’idar take tsayawa

“Mai yawan gidaje ita ce babba” gaskiya ce ga cikakkun lambobi kawai, kuma a faɗa wa yara haka tun yanzu. Kada malami ya ce “doguwar lamba ita ce babba”, domin wannan jimla za ta dawo ta cije shi ranar da aka zo lambobi masu ɗigo, yaro ya rantse 0.125 ta fi 0.5. Tun kafin nan ma zai gamu da ita a rasit: ₦250.00 da ₦1,500, ya ƙirga alƙaluma biyar a ta farko, huɗu a ta biyu. A nuna masa cewa abin da ke bayan ɗigo kwabo ne, gidajen naira daga hagun ɗigon ake ƙirga su.

Haka kuma ba a kwatanta lambobi sai abin da suke aunawa iri ɗaya ne. Mita 900 ba ta kai kilomita 2 ba, sai an mai da kilomita 2 ta zama mita 2,000 sannan a yi tambayoyin nan biyu. Giram 750 da kilo 1 ma haka. A sa irin wannan tambaya ɗaya ko biyu a ƙarshen kowane aikin gida, bayan yaro ya ci layukan gwajin nan biyar kuma ya iya faɗin gidan da ya yanke hukunci a kowanne.